Kankana tsakanin jirage biyu a Walia

Mun tashi da asuba daga Chagoua, ni da yayata mai karatun kimiyyar fizik a jami'a, za mu kai wa Kaka maganin hawan jini a Walia. Ambaliya ta zagaye unguwarsu, Kaka ta ce ba inda za ta, kuma ba ta shan magani sai daga hannuna. Ku da ke bibiyata kun san wata guda ke nan da kwalekwale ya kife da mu. Tun ranar ko randa ba na son leƙawa.

Mota ta sauke mu bayan gada, inda hanya ta nutse. Mata sun jera ƙosai da bandar kifi, kuɗin fito ya ninka, har akuya sai an biya mata. Na shiga jirgi, na damƙe katako, na runtse ido.

Muna tsakiyar ruwa mai fitonmu ya kira wani jirgin kankana, ya ce a jefo masa ɗaya. Yana cafewa jirginmu ya zame gefe. Na kurma salati, na ɗauka an kuma.

"'Yata, kankana ce fa, ba dorina ba," in ji shi. Kowa ya yi dariya ban da ni.

Yaya ta riƙe hannuna. "Buɗe ido, nasu jirgin ma ya ja baya. Kin tuna maganaɗisu biyu a makarantar lise, suna ture juna ba su taɓa juna ba? A lissafinmu wasu ƙwayoyi suke jefa wa juna kamar kankanar nan. Sai dai ba na'urar da ke kama su, turin kaɗai ake aunawa."

"Kankanar da ba a gani, wa zai saya?" in ji mai fito.

"Misali ne, Baba. Malaminmu ma ya ce kar mu riƙe shi da ƙarfi."

Rabi ban gane ba. Amma daga nan duk girgizar da jirgi ya yi sai in nemi dalilinta: wata ta gyara goyo, wani ya miƙa buhu. Ina nema ina nema, sai ga katangar Kaka. Ta haɗiye maganinta tana mitar na rame.

Kafin la'asar muna gida. Ba zan ce na warke ba. Abin da na koyo shi ne jirgi kan motsa ba don zai kife ba. Maganin Kaka na mako biyu ne. Na ce wa Yaya kar ta sake fashin aji saboda ni, zan koma ni kaɗai, na gane hanya.