Injin Shayin 'Yata da Hannun Mai Awo

'Yata ta fari ce ta kawo injin gidan nan. Bayan rasuwar mijinta ta dawo wurina a Daura da 'ya'yanta, ta kama sana'ar haɗa ganyen shayi. Busasshen zogale take dakawa da citta da kanumfari da ɗan na'a-na'a, ta ƙulla a leda. Mata suna saye, amma masu kanti suka ce ba za su jera ƙullin leda a kan kanta ba. Sai ta sayar da tumakinta kaf, ta tafi Kano, ta dawo da inji a bayan a-kori-kura. Muka kwashe buhunan da ke ɗakin da nake ajiye hatsi, aka girka shi a nan.

Na daɗe a tsaye ina kallonsa ranar da ya fara aiki. Wata farar takarda ce marar kauri a naɗe kamar rawani, inji yana janta yana ninkewa. Gari yana gangarowa ta mazurari ya faɗa cikin ninkin, wani bakin ƙarfe mai zafi ya datse ya liƙe, ga zare yana zuwa daga kwarkwaro irin na tela, da 'yar takarda a ƙarshensa wadda mai shan shayi zai riƙe. Kafin ka ƙifta ido 'yar jaka ta faɗo cikin kwano. Duk wannan ya burge ni. Abin da bai burge ni ba shi ne awon.

Ni ƙuruciyata da girmana a layin 'yan hatsi na kasuwar Daura na yi su. A wurinmu ba a shafe bakin mudu. Cika shi ake yi har ya yi tozo, sannan a bi shi da gyara ko mai saye bai roƙa ba. Wanda ba ya gyara, sunansa ya ɓaci a layin. Sai ga inji a cikin gidana yana zuba wa mutane abin da bai fi a ɗauka da yatsa uku ba, rabin jakar iska ce.

Na ce wa 'yata, "Ke, wannan ai rowa ce. Da sunan gidana za a sayar da wannan?"

Ta yi dariya ta ce, "Baba, ba gero ba ne. Haka awonsa yake. Don Allah kada ka taɓa notin nan."

Ta nuna mini notin da ke daidaita awon, don in san abin da ba zan taɓa ba. Ni kuwa na lura da inda yake.

Ba a daɗe ba wani Alhaji mai babban kanti a hanyar tasha ya yarda ya karɓi kayanta, karo na farko da wani kanti ya amsa mata. Ana cikin haɗa masa sai suna ya taso a dangin mijinta a Dutsi, dole ta je. Ta riga ta koya mini kunnawa da kashewa, saboda wuta ba ta da lokaci, in ta zo ba a wasa da ita. Da hantsi wuta ta zo. Na kunna, na zauna ina kallon 'yan jakunkunan suna faɗowa a rame, zuciyata ta ƙi. Na miƙa hannu na murɗa notin. Suka fara fitowa a cike, ɓul-ɓul, gwanin sha'awa. Na jera su a kwalaye, na ɗora a babur aka kai wa Alhaji, ina jin na fitar da gidana kunya.

Abin da ban sani ba, in jaka ta cika da yawa gari yakan hau bakinta, ƙarfen ya liƙe a kan gari maimakon takarda. A ido lafiya lau. Da ta sha ruwan zafi sai ta buɗe.

Alhaji bai aiko a ɓoye ba. Washegari da la'asar, muna zaune a majalisar ƙofar gida, mai babur ya sauke kwalayen a gabanmu, ya ce Alhaji ya ce masu saye sun dawo masa da su, shayi suka nema aka ba su kunun ganye. Wani abokin zamanmu ya ce, "Ashe miyar zogale kuke sayarwa da igiya?" Majalisa ta kwashe da dariya.

Da 'yata ta dawo ta ɗauki ɗaya ta auna a tafin hannunta, ta dube ni. Na ce, "Ni ne." Ta zauna ta dinga farke su ɗaya bayan ɗaya tana juye garin a roba, takarda da zare suna taruwa a gefenta, sun zama shara. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Washegari ƙanena ya zo. Tun farko bai so zancen injin ba. Ya ce, "Yaya, magana ta riga ta zaga gari. Ba mai kantin da zai sake karɓa. Akwai wani mutumin Kano da ke neman irinsa, ranar kasuwa zan kawo shi. Ta sayar tun yana da daraja, ta mayar da tumakinta."

Na ce, "Inji bai yi laifi ba, ita ma ba ta yi ba. Hannuna ne."

Ya ce, "To hannun naka za ka bi gida-gida kana nunawa?"

Na ce, "Shi zan yi."

'Yata ta mayar da notin inda yake, ta buga sababbi. Na cika aljihun babbar rigata da su, na ɗauki filas na ruwan zafi da kofi, na nufi kantin Alhaji. A gaban masu sayayya na tsoma ɗaya, na ɗaga ta da zarenta tana ɗiga, ba ta fashe ba. Na ce, "Alhaji, waɗancan ni na cika su fiye da ƙima, yarinyar ba ta gari. Ga aikinta."

Ko kofin bai kalla ba. Ya ce, "Baba, na ji, Allah ya ba da sa'a. Amma ni na gama da wannan harka."

Na shanye shayina a tsaye a ƙofar kantinsa, a hankali, kowa yana gani, sannan na wuce.

A bakin tasha akwai wani mai shayi da ya saba sayen gero a wurina shekarun baya. Ya ce, "Baba, kai ne mai kunun ganyen? Mu nan ba ma tsomawa a kofi kamar 'yan ofis. Tafasawa muke yi. In jakar taku ta jure butata, mu yi magana."

Na ce, "Jefa."

Ni kuwa ban taɓa gwada ta a tafasa ba. Direbobi suka matso. Na miƙa masa 'yan kaɗan, ya jefa su cikin buta, ya ƙara wuta, ya bar su suna juyi har wani direba ya ce, "Kai, nama kake dafawa?" Ya tsamo su da cokali. Sun kumbura, sun yi duhu, amma bakinsu a rufe. Ya zuba wa direbobin, ɗaya ya kurɓa ya ce cittar ta ji. Mai shayin ya ce in kawo masa kwali. Da na kawo na ƙirga masa abin da ya saya, na sa hannu a aljihu na ɗora masa wasu a kai. Ya ce, "Har yanzu ba ka daina ba?" Na ce, "Inji ne ba ya gyara. Ni ina yi." A nan kam ban ga wanda zai hana ni ba. Daga tasha na bi sauran teburan shayi, wasu suka karɓa, wasu suka ce in dawo, wasu suka yi mini dariya na bar su da ita.

Ranar kasuwa ƙanena ya zo da mutuminsa. Na shimfiɗa buzuna a ƙofar ɗakin injin na zauna. Baƙon ya yi sallama na amsa, ban matsa ba.

Ƙanena ya ce, "Yaya, ba kayanka ba ne fa. A tambayi mai shi."

Gaskiya ya faɗa, kuma ban san abin da za ta ce ba, don tun ranar ba ta yi mini wata doguwar magana ba. Aka kira ta, ta fito da mayafinta, ta durƙusa ta gaida su.

Ƙanena ya ce, "Masu shayin tasha ne za su riƙe ki da marayu? Babban kanti ya tafi."

Ta ce, "Ya tafi, Baffa. Amma mai shayin tasha ya aiko tun da safe, nasa ya ƙare."

Ana cikin haka ƙwan lantarkin ɗakin ya kawo haske. Ta miƙe ta ce, "Ku yi haƙuri, wuta ta zo. Baba, ɗan matsa mini."

Na janye buzuna. Ta shiga ta kunna. Ƙanena ya ci gaba da magana, ina ganin bakinsa yana motsi, amma ƙarar injin ta hana kowa jin abin da yake faɗa.