Rigar Ƙanwata a Wayar Baba

Ni na gina manhajar tun daga tushe, don manoman Sheme su riƙa ganin farashin masara da waken suya a waya. Kowane maɓalli ni na auna shi. Na yi mata launi kore, irin na ganyen masara da ya sha taki. Riga muke ce wa wannan kamannin, tunda ana cire ta a sa wata.

Sai ƙanwata, wadda ni na koya wa aikin, ta yi tata rigar a zama guda, ruwan ƙasa mai manyan baƙaƙe. A tsarin da muke aiki da shi, salon da ya zo daga baya shi ke danne na farko. A gidanmu babba ake fara ji, amma na'ura ba ruwanta da wa aka fara haihuwa. Wahalata na ƙasa, launinta na sama, kowa sai, "Kai, yarinyar nan akwai hannu!"

Duk zuwana gida, in Baba ya miƙo mini wayarsa, sai in mayar da koriyata. In na dawo, ruwan ƙasa zan tarar. Na tare ta, ta ce, "Wallahi Yaya, ban taɓa ba."

Wata Juma'a na gani da idona. Baba, wanda har yau ni ke nemo masa lambar ƙaninsa, ya shiga saiti da kansa, ya gangara, ya danna rigarta. Ko kuskure bai yi ba.