Mushe Lazaru, Mai Koya wa Mutane Faɗuwa

Kowace Alhamis da Asabar, da an sauko daga azahar, za ka ga Mushe Lazaru, wato Malam Lazaru, bisa tsohon kekensa ya nufi gidan matasa na Tasawa, da buhu ɗaure a baya. Ba kome a buhun sai tsofaffin huluna, da wandon da ya fi ƙarfin kowa, da takalma wari-wari, da toka ta shafa wa fuska. Shi ke share zaure da kansa, ya shimfiɗa tabarmi riɓi biyu saboda masu faɗuwa. Shi majami'a yake zuwa, amma da la'asar ta yi zai tsayar da wasa ya miƙo mana buta. Shekara talatin da ɗaya yana koya wa mutane wasan ban dariya. Bana ya ce ya ajiye, gwiwa ta ƙi.

Ni Danda na Attantane ke wannan magana. Ban yi lakkol ba, ban san boko ba, ina faɗi ana rubutawa, amma a tambayi kowa daga Mayahi har Tasawa wane ne Danda. Yunwar tamanin da huɗu ta zo ta same ni, ta tahi ta bar ni. Na faɗa rijiya gaba goma sha biyu na fito da ƙafata. Abu ɗaya ya taɓa kayar da ni: shekara shida da suka wuce ciwo ya shanye mini ɓarin fuska, bakina ya karkace. Ni da ban ji tsoron rijiya ba, sai ga ni ina tsoron dariyar mutane. Na rufe baki da rawani, na bar zuwa suna, na bar zuwa kasuwa. Ɗiyata Habsatu ta maido ni wurinta Tasawa, na zauna bayan ɗaki kamar tsohon turmi.

Lazaru maƙwabcinta ne. Wata rana ya leƙo ya ce, "Baba Danda, an ce duk ƙasar Mayahi ba wanda ya kai ka iya faɗuwa."

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Rijiya. Zo ka duba mini mutanena, faɗuwarsu ba ta da kyau."

Ya san ba a kirana koyo. Na tahi duba musu.

Can na ga aikinsa. Sabon zuwa, tela ne ko ɗan kabu-kabu ko malamar asibiti, da faɗuwa yake farawa. Ya faɗi gaban jama'a, ya zauna ƙasa yana duban idon kowa har a gama dariya, sannan ya tashi. Wanda ya yi saurin tashi, a sake. Ba takarda, ba hadda. Sai ya haɗa mutum biyu ya ce, "Kai ka zo sayen akuya, ke ce akuyar, ku tahi." Dokarsa biyu: abin da abokin wasanka ya kawo ka karɓa ka ƙara, kuma ba a dariyar gurgu ko makaho ko mai in'ina.

Sati na huɗu ya ce in nuna musu. Na yi wata faɗuwa wadda har yau ba a sake irinta a zauren nan ba. Sai rawani ya warware, baki ya fito. Wuri ya yi tsit. Kowa ya sunkuyar da kai, kuma wallahi shirun nan ya fi dariya ciwo.

Lazaru ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Baba, dokata ce ta ɗaure su. Bakin naka ne. In ka ba su, su yi. In ka hana, in naɗa maka da hannuna."

Na daɗe zaune. Sannan na ɗaga kai na ce, "Mi kuke sunkuye-sunkuye? Rabin fuskar nan ya tahi cin rani ne, bai dawo ba tukuna!"

Zaure ya kece. Tela har da birgima. Ni na fi su duka.

Kai ne ka tuna mini zamanin samariya, Lazaru, lokacin da 'yan kama ke shigowa dandali gari duka ya yi dariya ɗaya, ba yanzu da kowa ke murmushi shi kaɗai cikin salula ba. Kai ne ba a taɓa kiran sunanka a rediyo ba, ka kuma maido da mutum irina cikin mutane. Na gode. Allah Ya ba gwiwar nan lahiya. Ku kuma da kuka koya a hannunsa, kada ku tsaya jiran wani ya buɗe muku zauren. Wani tsoho na can bayan ɗaki, ku je ku leƙa shi.

Watan jiya na hau moto har garin Sarkin Hausa, wurin sunan jikana. Mai hoto ya ce, "Baba, a ɗan juya gefe."

Na ce, "Ɗauka hakanan. Gara yaro ya san kakansa."