Igiyar Ruwa Biyu a Mashigin Kalgo

Ni ne na yi kuskure, ba ɗan baffana ba. Shekara uku ina ɗora masa laifin da ba nasa ba ne.

Lokacin Turawa ba su daɗe da zuwa ƙasar Gwandu ba. Ni da shi fito muke yi a mashigin Kalgo, kowa da kwalekwalensa. Wata ranar kasuwa ya ɗauko gishirin wasu fatake. Na wuce ta damansa da mutanena, wani jirgi ya wuce ta hagunsa. Ina waiwayawa na ga kwalekwalensa a kife, gishiri ya tafi.

Gaban sarkin ruwa ya rantse cewa ruwa ne ya tashi ƙarƙashinsa. Na yi dariya, na ce, "Wane ruwa, ɗan'uwa? Igiyar ruwan da kwalekwalena ke tayarwa ko akushi ba ta kifarwa. Gyangyaɗi dai ka yi." Da shaidata aka hana shi fito. Ya koma noma a Diggi.

Bayan shekara uku, rana tsaka, jirage biyu suka wuce ni haka, ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu. Na ga igiyoyinsu tafe, ƙanana, ban ko gyara zama ba. Da suka haɗu ƙarƙashina sai kwalekwalen ya yi sama. Filafili ya kuɓuce mini.

Na tafi tafki na jefa tsakuwa biyu lokaci guda. Ni karatun allo kawai na yi, amma ina da ido. Inda tudun wannan igiya ya hau tudun waccan, ruwa ya ninka tsayi. Inda tudu ya faɗa cikin kwari, ruwa ya kwanta kamar ba a taɓa shi ba. Sannan kowace ta ratsa 'yar'uwarta ta wuce yadda take. Na jefa, na sake jefawa, bakina buɗe. Ashe rabin abin da ya kifar da shi daga jirgina ya fito!

Na fara zuwa wurin sarkin ruwa na janye shaidata. Sannan na taka zuwa Diggi, na same shi duƙe cikin gero. Ya ɗago ya ce, "Mai ido, mi ya kawo ka tudu?"

Na tsuguna na ce, "Gaskiya ka faɗa, ruwa ya tashi, kuma har da nawa ciki. An ce ka dawo mashigi. Don Allah ka yafe mini."