Toka da Fitilar Motar Baba

Muna sallame sallar asuba muka kama hanyar tasha, ni da ƙanena, gari bai gama wayewa ba. Ranar Juma'a ce, daga Kano za mu Samaru, kuma ba tafiyar marmari ba ce. Aiko mu aka yi mu karɓo makullin motar Baba. A daminar nan kaɗai ya faɗa kwata bayan magariba, ya kuma kusa kwashe wani mai keke. Babban yayanmu ya tara mu a waya, aka yanke cewa idon tsoho ya tafi, tuƙi ya ƙare. Da aka zo kan wanda zai je ya faɗa masa, kowa aiki ya yi masa yawa. Sai aka tuna ni ce mai sunan mahaifiyarsa, wai ba zai iya yi mini faɗa ba.

Kuɗin mota ya ƙaru tun zuwana na ƙarshe, wurin zama kuma ya ragu, don direban ya cusa mu kamar kayan wanki. Amma daga Kura zuwa gaba na manta da ciwon gwiwa. Shinkafa ta yi kore shar har iyakar gani, masara ta fi mutum tsawo, ruwan da aka kwana ana yi yana ta ƙyalli a gefen titi. A Kwanar Ɗangora muka sayi ƙosai mai zafi ta taga. Ƙanena ya cinye nasa ya taya ni da nawa, don ni hankalina yana kan maganar da zan faɗa wa Baba.

Da hantsi muka sauka a Kwangila, muka hau keke Napep zuwa Samaru. Garin yana nan yadda na san shi, sai dai ya ƙara cika. Ɗalibai da jakunkuna a baya suna tsallaka titi ba ko waiwaye, rabin maganarsu Hausa rabi Turanci. Gidajen da muka sani na iyalai duk an yanka su ɗaki-ɗaki an zuba 'yan haya.

Muna shan kwanar layinmu muka hango Inna a ƙofar gida, ta duƙa a gaban motar Baba. Kwanon toka ne a gefenta, soson waya a hannunta, tana dirzar fitilar motar da iya ƙarfinta kamar gindin tukunya. Ƙanena ya tsaya cak, ko sallama bai yi ba ya jefa mata tambaya.

"Inna, tun yaushe kike yi mata haka?"

"Tun da aka sayo ta mana. Kowace Juma'a kafin Malam ya tafi masallaci. Wancan tsohon motan ma haka na riƙa yi mishi, har ya mutu idonshi tar."

Gaskiyarta ce. Da toka ta wanke ƙwan fitilarmu ta kananzir duk ƙuruciyarmu, da toka ta wanke fitilun tsohuwar motar, kuma suna ƙyalli. Abin da ba wanda ya taɓa faɗa mata shi ne, waccan gilashi ce ta gaske, wannan kuwa roba ce. Na shafa da yatsa na ji ta kaushi. Ta yi jawur, ta dushe, zane a kan zane, ko ƙwan da ke ciki ba a gani.

Baba ya san abin da ya kawo mu. Muna gama gaisawa ya zaro makullin daga aljihu ya ajiye a kan buzunsa, bai kalle mu ba. "Ga shi nan, Uwata. Rana na faɗuwa sai in ga hanya ta gudu. Abin da Allah ya ba ni ne ya fara karɓa." Wallahi da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ƙanena ne ya yi ƙarfin hali ya roƙe shi ya mayar aljihu, ya ba mu zuwa magariba.

Bayan an sauko daga masallaci muka sha faten Inna, wanda maigidana Bakano yake tsokanata da shi kullum amma ba ya barin ko cokali, sannan muka nufi Sabon Gari. Layin masu kayan mota duniya ce guda. Ƙarfe a kan ƙarfe, ƙofofi a jingine, fitilu a rataye jere-jere suna ɗaukar rana. Nan Hausa, can Ibo, gaba kaɗan Turancin kasuwa, kuma kowa yana fahimtar kowa. Na tambayi kuɗin sabuwar fitila don jin kunne, da mai shagon ya faɗa sai na yi masa fatan alheri na wuce. A hanyar Muchia muka sami shagon wata mata 'yar kudancin Kaduna mai sayar da fentin mota. Ƙanena ya taɓa yin aikin a tasa motar, don haka ya san abin da yake nema: samfefa, takardar nan mai yashi ta goge katako, mai kaushi, mai dama-dama da mai laushi sosai, da man goge fenti, da salatif na takarda, da wani man da ake shafawa a ƙarshe saboda rana. Matar ta ƙulle mana a leda tana cewa, "Kada ku ji tsoro in ta yi fari. Kowa a nan yake tsorata."

Da la'asar aka fara. Ƙanena ya wanke fitilar dama da sabulu, ya liƙe gefenta da salatif don kada fenti ya ci duka, ya jiƙa samfefar a bokiti. Aikina zuba ruwa da buta, kada wurin ya bushe ko kaɗan. Ya fara da mai kaushin, yana gogawa daga hagu zuwa dama. Wani ruwa rawaya-rawaya ya riƙa gangarowa, fitilar kuma ta koma fara fat kamar an watsa mata koko. Ɗan abin da ake gani a da ma ya ɓace.

Inna ta saka salati. Baba, da ke kan kujera yana kallo, ya ce, "To, kun ƙarasa ta." Maƙwabcinmu, wani malamin makaranta da ya yi ritaya, yana dawowa daga coci wajen koyon waƙa, ya tsaya ya riƙe haɓa, ya ce shi dai bai taɓa ganin an yi maganin zane da ƙarin zane ba.

Ƙanena bai kula mu ba. Ya ɗauki ta biyu ya goga daga sama zuwa ƙasa, ya ɗauki mai laushin ya koma hagu da dama, a hankali, ba dannawa. Kowace samfefa tana cinye zanen wadda ta gabace ta, ta bar nata wanda ya fi siriri. Da ya tsane ruwan ya ɗiga man goge fentin a tsohuwar singileti ya fara murzawa, sai wani ɗan wuri kamar kwabo ya buɗe a tsakiya. Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Wurin ya riƙa faɗi a ƙarƙashin hannunsa, ƙwan ya bayyana, madubin da ke bayansa ya bayyana, har na hango fuskata da bishiyar mangwaron gidanmu a ciki. Ashe duk shekarun nan hasken yana ciki, abin da ya tare shi bai kai kaurin farce ba.

Da gangan ƙanena ya bar ta hagu yadda take. Bayan magariba ya juya motar ta fuskanci katanga, ya ce Baba ya shiga ya kunna da kansa. Gefen hagu ya fito ja-ja kamar kyandir na shirin mutuwa. Gefen dama kuwa ya haske katangar har ana ganin tururuwa na hawa. Baba ya kashe, ya kunna, ya sake kashewa ya kunna. Ya fito ya rufe ido ɗaya ya duba, ya rufe ɗayan ya duba. "Allahu Akbar," kawai yake ta faɗa.

Inna ce ta ba ni tausayi. Ta shige ɗaki tana cewa da hannunta ta kusa makantar da Malam. Baba ya bi ta har ƙofa ya ce a duk gidan nan ita kaɗai ce ta taɓa duƙawa ta dubi fitilar, mu masu waya daga nesa muke hukunci. Washegari da safe ita ta karɓi samfefar ta yi ta hagun. Hannun da ya saba da tukwane ba wasa ba, tata ta fi ta ƙanena fita, kuma ta tabbatar ya ji hakan.

Ranar Lahadi bayan asuba Baba ya ce shi zai kai mu Kwangila. Akwai sauran duhu. Na zauna a gaba ina kallon titi shimfiɗe a cikin haske, ramuka da awaki da masu tafiya gona duk ana ganinsu tun daga nesa. Na sa ya yi mini alkawarin zuwa asibiti a duba idon duk da haka, ya ce ya ji. Mun wuce Palladan sai ya rage gudu ya ce, "Uwata, tun farkon damina nake rufe ido in taka daga ɗaki zuwa masallaci, ina koyon hanya. Na ce in ya tafi gaba ɗaya, kada in zame wa kowa kaya." Na juya fuskata wajen taga har muka isa.

Kafin azahar muna Kano lafiya. Tafiyar ta koya mini cewa a jiƙa samfefa, a bi ta daga mai kaushi zuwa mai laushi, kuma kada toka ta kusanci fitilar roba. Ta kuma koya mini cewa tsoho yana iya ɗaukar tsoro wata da watanni, kana gaishe shi kullum a waya yana ce maka lafiya lau. Ina cire mayafi babban yayanmu ya kira, ya tambaya makullin yana hannuna ne ko na ƙanena. Na ce yana hannun mai shi, in yana so ya je Samaru ya karɓa, amma ya tafi da wuri, don Baba ya ce yau bayan magariba zai kai Inna Basawa gaishe da ƙanwarta.