Gidan da Ba a Yi wa Fenti Ba

Ku dakata mana! Tun jiya hoton gidan 'Yar Kango ke yawo a waya, kowa na tofa tasa. Wai marubuciya guda, ana karanta littafinta har a makarantu, amma gidanta ko fenti babu. Wasu sun ce rowa ce. Wasu sun ce kuɗi ne suka ƙare. Masu wayon cikinku kuma sun ce salon neman suna ne, so take a ce tana tare da talaka. Duk cikinku babu wanda ya canka.

Babanta mai gadin gini ne. Kun san yadda ake yi: mutum zai tayar da gida, ya yi rufi, ƙarfinsa ya ƙare, sai ya nemo mai iyali ya zauna a ciki don kar a kwashe masa rodi da siminti. A irin wannan kangon aka haife ta, a irinsa ta yi wayo, shi ya sa sunan ya bi ta. Tagarsu buhun siminti, ƙofarsu fallen kwano da ake tokarewa da bulo.

Kuma kar ku soma matsar hawaye, don ita ba ta yi. In tana ba da labarin, dariya take har da riƙe ciki. Wace yarinya ce ke da falon da za a yi tsere a ciki? Ga tulin yashi a ƙofa, ga benen da ba shi da makari, ga bango fili guda. Da gawayin murhun Mama ta fara rubutu a bangon mutane. Takan fara labari daga bakin ƙofa, ta zagaye ɗaki da shi, in wuri ya ƙare ta kashe jarumin ta huta.

Abu ɗaya ne ke tsinka musu zuciya, fenti. Ranar da mota ta sauke bokitan fenti a ƙofa, Mama ba ta jiran a yi mata bayani, sai ta hau ɗaure tukwane. Ba a taɓa zagin su ba, ba a taɓa watsa musu kaya waje ba. Mai gida zai zo da fara'arsa ya ce, "Baba, an gode ƙwarai, Allah ya saka." Shi ke nan. Sai wani kangon a can ƙarshen gari, sai sabuwar makaranta in an samu, in ba a samu ba a zauna gida har shekara ta juyo.

Abin da ta zuba a littafinta ke nan. Babu mugun attajiri mai jan ido a ciki, mutanen kirki ne zalla, masu cewa an gode. Buƙatarta kuma ba ta da yawa: duk wanda ya ajiye iyali a kangonsa, ya ba su wa'adi tun da wuri, ya bar yaransu su ƙarasa zangon karatu.

To, ita ma Allah ya yi mata nata. Da albashin koyarwa da ɗan abin da littafi ke kawowa ta yi ta ɗora bulo a hankali har aka yi rufi. Ta samu wani dattijo ya zauna mata a ciki da matarsa da 'yarsu, wadda ke ajin ƙarshe, jarrabawar fita na gabanta. Da gini ya zo ƙarshe, murna ta ɗebe ta. Ta zaɓi fenti ruwan ƙwai mai haske, ta sa aka kai bokitai da safe, ta wuce makaranta abinta.

Da la'asar ta ɗauko Mama a zo a ga gida. Suna shiga suka tarar an naɗe katifa an ɗaure da igiya, tukwane cikin buhu, an kwance igiyar shanya. Yarinyar na zaune kan bokitin fenti tana cusa littattafanta a leda.

"Baba, lafiya? Ina za ku?"

"Lafiya lau, Hajiya," in ji dattijon. "Ai mun ga kaya sun iso. Akwai wani gini can bayan tashar mota, na je na yi magana."

"Makarantar yarinyar fa?"

"To... za a duba."

Mama kuwa ta dubi 'Yar Kango sama da ƙasa, ta tafa hannu.

"Oh ni! Sannu marubuciya. Littafi guda kika cika da zancen fenti, har a rediyo kika je kina kumfar baki, ashe ke ma fentin za ki aiko."

"Mama, wallahi mantawa na yi."

"Ai su ma masu gidajen can mantawa suke yi, da kin zaci me?"

'Yar Kango ta sunkuya ta kama igiyar katifar tana kwancewa, ƙullin ya ƙi, ta sa haƙori.

"Hajiya, bari mana, za ki ji ciwo."

"Baba, ba inda za ku. Ɗakunan baya naku ne har ta gama jarrabawa, har ku samu wurin da ya yi muku. Ni da Mama na gaba sun ishe mu."

Dattijon ya yi godiya, amma idonsa na kan bokitan. Ta gane. In dai suna nan a tsakar gida, matarsa ba za ta sake fito da tukwanen nan da kwanciyar rai ba. Nan take ta kira mai fenti ta ce ya zo ya kwashe kayansa.

"Haba Anti, na riga na ɗauko yara fa!"

"Mayar da su. In lokaci ya yi ni zan neme ka."

Haka suka tare a gida mai launin siminti. Yanzu in ka je da yamma za ka samu Mama da matar dattijon a tabarma ɗaya, suna musun wadda ta fi zama a kango mai yoyo, Mama na rantsuwa ba a kai ta ba. Yarinyar na bitar karatunta a falo, 'Yar Kango na gefe tana duba aikin ɗalibai, wani lokacin ta ɗago ta gyara mata lissafi ba daidai ba, a yi ta dariya. 'Yar Kango ta ce tun da take ba ta taɓa barci mai daɗi kamar na gidan nan ba.

Saura ku. A layinku akwai kango, kuma akwai mutane a ciki, kun sha ganin shanyarsu a kan rodi. Wataƙila ma ginin na kawunku ne, ko na babanku. Kun iya dogon sharhi a kan bangon wata, to ku je ku tambayi naku: ranar da za a kawo fenti, an gaya wa mai gadi? Yaransa fa? Ku tambaya da babbar murya, ku dawo nan ku faɗi amsar da aka ba ku. Kar wanda ya danna alamar so ya wuce sum. Ku yi magana!