Notin da Falalu Ya Ƙyale

Duk wanda ya san Falalu a Roni ya san bai taɓa cinye tuwonsa a zaune ba. Zai kai loma, ya miƙe ya je ya duba igiyar akuya, ya dawo ya tarar miya ta huce, ya kuma ɗora wa matarsa Rahamatu laifi. Ko a sahun salla, in liman ya ja sura, kana jin yatsun ƙafarsa suna tonon tabarma. Ban ga mutumin da zama ke yi wa ciwo kamarsa ba, kuma har yau ban san ko tausayinsa nake ji ko haushi ba.

A bayan jakuna ya tashi. Ubansa falke ne, suna ɗauko kanwa daga arewa su bi ta Babura su sauke Kano. Abin da aka fara koya masa shi ne, duk zangon da aka tsaya, kafin ka sha ruwa ka zagaya jakuna ka ƙara ja wa kowace igiya, domin igiya tana saki da tafiya. Da manyan motoci suka kashe musu fatauci a zamanin Turawa, ya yi damina a gona kamar zai haukace. Kaka na yi ya bi wata mota Kano, ya yi karen mota, bayan shekaru ya dawo da lasin tuƙi.

A lokacin gyaɗa na tashe. Alhaji Maikasuwa, wani mai sayen gyaɗa a Kazaure, ya sayi tsohuwar Landiroba don kai sikeli da buhuna ƙauyukan da babbar mota ba ta iya shiga. Ya ba Falalu makulli, amma da sharaɗi. Ɗan ƙanensa Hussaini ma ya iya tuƙi, yana nan yana jira. Ranar da motar ta kwana a daji a hannun Falalu, ranar zai koma gona. Da duka aka ce za a yi masa da bai ji tsoro haka ba.

Sai ya ɗauki mota tamkar jaki. Duk inda ya tsaya, kafin ya sha ruwa sai ya shige ƙarƙashinta da sifana, ya bi kowane noti ya ƙara murɗawa. Tsakanin ƙafafun baya akwai wata tukunyar ƙarfe da ke juya su, cike da mai mai kauri, kuma noti guda ne ke toshe bakin da ake ɗura man. Wannan notin ma sifanarsa daban take, kuma shi ya fi kowanne shan wuya.

Ranar wata kasuwar Gwiwa ya sauke sikeli, ya shige ƙasa kamar kullum. Ya murɗa, sai ya ji notin ya bi hannunsa babu musu. Ya sake, ya ji yana ta juyawa ba ya tsayawa. Da ya zaro shi, haƙoransa sun cinye, ɓarɓashin ƙarfe ya cika masa tafin hannu. In ya tafi haka, mai zai fantsame a hanya, yashi ya shiga, tukunya ta ƙone tun bai kai Roni ba. Sabon noti kuwa sai Kano.

Ya ruga rumfar maƙera ya samo Daudu, tsohon da ke yi wa ’yan kasuwa gyaran sikeli da bindigar toka. Daudu ya kwanta ƙarƙashin motar, ya zura yatsa ya lalubi bakin tukunyar, ya ce haƙoran ciki da sauransu. Ya koma rumfa da notin, ya ɗauki magagari yana sake fitar masa da haƙora, a hankali kamar mai tsince ƙaya. Falalu kuwa ya hana shi sakat. Ya tsaya a kansa, ya koma wajen mota, ya dawo da shawara, ya karɓe zugazugi alhali ba a bukatar wuta. Da Daudu ya gaji, ya aike shi sayen goro can ƙarshen kasuwa. Kafin ya dawo, tsohon ya buga ɗan guntun tagulla har ya yi laushi kamar ganye, ya naɗa wa notin, ya bi haƙoran da zaren auduga da ya jiƙa da ƙaro.

Aka cika mai daga galan ɗin Falalu. Daudu ya murɗa da yatsu, ya ɗan taɓa da sifana, ya fito yana karkaɗe riga.

“Baba, ai bai ɗauru ba,” in ji Falalu.

“Ya ɗauru. Ɗan nan, wannan ba igiya ba ce. In ka ƙara masa ko kaɗan, sauran haƙoran za su tafi, ni ma ba ni da dabara. In za a ɗura mai, kawo motar, ni in buɗe.”

Hanyar Gwiwa zuwa Roni duk gargada ce da duwatsu. Kowane rami motar ta faɗa, Falalu sai ya ga notin yana warwarewa. Ya tsaya ya leƙa, ya tafi. Ya sake tsayawa. Gab da Roni ya shige ƙasa ya ga ɗigon mai yana ƙyalli a gindin notin. Bai san sanda sifana ta zo hannunsa ba, har ya ɗora ta. Duk abin da ubansa ya koya masa yana ce masa ja. Daga nan inda yake kwance yana hango karan dawar gonarsa, ga kuma Hussaini a ransa, zaune kan kujerar direba. Ya daɗe haka, sannan ya zare sifanar, ya share ɗigon da bakin riga.

Da ya shigo Roni ko inji bai kashe ba. Ya faɗa gida ya danƙa wa Rahamatu sifanar, ya ce ta ba masu zuwa kasuwar Gwiwa su kai wa Daudu, kada ta ba shi ko ya yi rantsuwa. Ya isa Kazaure kafin magariba.

Bai koma gona ba. Ya tuƙa motar nan har Turawa suka tafi, yana ratsewa Gwiwa in za a ɗura mai, yana cin zalin sauran notocin kamar da. Bayan rasuwarsa gangar motar ta daɗe a bayan gidan Alhaji Maikasuwa, kaji na ƙwai a ciki. Na taɓa leƙawa ƙasa na ga notin yana nan, bakin tagullar ya yi kore. Da na gaya wa Rahamatu, ta yi dariya har da ƙwalla.

“Abin da Malam ya taɓa ƙyalewa a duniya ke nan,” ta ce. “Shi ma don kada a zaunar da shi gida da ni ne.”